Mako biyu da na'urar faifai da kaset a hutun ƙarshen shekara

Tun bayan rasuwar surukina kwali biyu na faya-fayan garmaho suke ajiye a saman kabad ɗin ɗakinmu, kuma kowace shekara mai ɗakina takan ce za ta nemi abin da za mu saurare su da shi, sai shekarar ta ƙare ba a yi ba. A hutun ƙarshen shekarar nan, da yara suka tafi ziyara gidan ya rage daga ni sai ita, na sayo na'urar nan da ake yayi yanzu, wadda aka yi wa akwatin katako irin na da, aka haɗa mata wurin ɗora faifai da ramin kaset da na faifan CD da rediyo da Bluetooth duk a jiki ɗaya. Kamfanoni da dama suna sayar da irinta da sunaye daban-daban, amma kayan cikinsu kusan iri ɗaya ne, don haka abin da zan faɗa ya shafi yawancinsu. Mun yi mako biyu muna kunna ta kusan kowane dare.

Haɗa ta bai ɗauke ni minti goma ba. Na cire ɗaurin da ya riƙe hannun allura, na zare murfin robar da ke bakin allurar, na jona wuta, shi ke nan. Tana da gudu uku, wato juyi 33⅓ da 45 da 78 a minti ɗaya, kuma sai da muka zazzage kwalayen nan a kan tabarma na gane amfanin kowanne. Mafi yawan kayan surukina manyan faya-fayai ne masu faɗin inci 12, irin waɗanda kamfanin Columbia ya fito da su a Amurka a 1948, waɗanda ke juyawa a hankali su ɗauki waƙoƙi da yawa. Akwai ƙanana masu faɗin inci 7 da babban rami a tsakiya, irin na kamfanin RCA Victor na 1949, waƙa ɗaya a kowane gefe; waɗannan suna buƙatar wata 'yar roba da ake sa wa a tsakiya don su zauna daidai, kuma mun sha nema kafin muka same ta manne a ƙasan kwalin na'urar. Sai kuma guda uku masu nauyi, masu gudun 78, waɗanda suka girmi sauran duka kuma suke fashewa kamar tangaran idan suka faɗi.

A daren farko ita ce ta zaɓi faifan. Da allurar ta sauka sai aka ji wannan 'yar ƙarar ƙwas-ƙwas da ke zuwa kafin kiɗa ya fara, kuma tun kafin mawaƙin ya buɗe baki na ga ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Daga baya ta ce wannan ƙarar ce ta dawo mata da falon gidansu, domin waƙar kanta ta sha jin ta a waya ba tare da ta ji komai a ranta ba. Mun kwashe sauran daren muna juya kwalayen faya-fayan muna dariya: wanduna masu faɗin ƙafa, takalma masu tudu kamar bulo, gashin da aka taje ya tashi ya yi tozo, riguna masu kwalar da ta kai kafaɗa. A kusurwar wasunsu akwai rubutun hannun mahaifinta da shuɗin biro, ya sa shekarar da ya saya, 1976 a wani, 1978 a wani. Mun kuma sake tayar da wata gardama da ta girmi aurenmu, ita tana ganin kiɗan disko shi ne ƙololuwar wancan zamanin, ni kuwa ina nan a kan cewa rege ya fi shi zurfi, kuma har hutun ya ƙare babu wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ƙarancin lokacin faifai ya gyara mana zaman. Gefe ɗaya na babban faifai yakan ɗauki kimanin minti ashirin, bayan haka dole wani ya tashi ya ɗaga hannun allura, ya juya faifan, ya goge ƙura, ya sake saukewa. A waya mutum yakan tsallake waƙa bayan daƙiƙa goma idan ba ta kama shi nan take ba, amma a nan tsallakewa aiki ne, sai ka durƙusa ka nemi siririn layin da ya raba waƙa da waƙa ka sauke allura a kansa da hannu marar rawa, saboda haka sai mutum ya haƙura ya bari ta wuce. Ta haka muka ji waƙoƙin da ke gefe na biyu, waɗanda gidajen rediyo ba su cika sa wa ba, kuma biyu daga cikinsu sun fi mana waɗanda suka yi suna daɗi. Wayoyinmu kuwa sun yi ta kwana a wani ɗakin ba tare da mun yi shawarar hakan ba. Idan faifai ya ƙare takan ce, “Maigida, yau kai ne da juyi,” ni kuma in ce jiya ma ni ne.

Sai dai na'urar tana da aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Lasifikokinta biyu ƙanana ne, kuma a cikin akwati ɗaya suke da farantin da ke juya faifan, saboda haka idan aka ƙara murya girgizarsu takan komo cikin allura, sautin ya dagule. Ƙasan kiɗa, wato gangar da jitar bas waɗanda su ne ƙashin bayan disko da rege, kusan babu shi. Wannan ya fi fitowa fili a faifai saboda yadda ake yin sa: lokacin yanka faifai ana rage ƙarfin sauti mai kauri a ƙara na siriri, bisa wata ƙa'ida da masana'antar faya-fayai ta Amurka ta amince da ita a 1954, sannan na'urar saurare ita ce za ta mayar da kowanne matsayinsa, kuma tamu ba ta iya wannan aikin sosai ba. A kwana na uku na jona ta da wasu tsofaffin lasifikoki ta ramukan ja da fari da ke bayanta, sautin ya cika ƙwarai, ko da yake har yanzu akwai ɗan kaushi a waƙoƙin ƙarshe da ke kusa da tsakiyar faifai, inda dama kowace allura takan fi shan wahala.

Babban abin da ya dame ni shi ne nauyin allurar. Na'urori masu kyau suna da wani ƙarfe mai juyawa a gindin hannun allura wanda ake daidaita nauyi da shi, kuma yawancin alluran zamani suna aiki ne a kusan giram 2. Tamu ba ta da wannan ƙarfen ko kaɗan. Na ɗora bakin allurar a kan ƙaramin sikeli ya nuna mini sama da giram 5, kuma babu yadda za a rage. Faifan da aka sa sau biyu ko uku ba zai lalace saboda haka ba, amma wanda ake maimaitawa kullum zai ci, musamman da yake allurar da ta zo da ita ba ta lu'ulu'u ba ce, tana saurin dakushewa, kuma dakusasshiyar allura ta fi nauyi ɓarna. Saboda wannan muka ware faya-fayai takwas da ta fi ƙauna muka daina sa su bayan sauraron farko. Masu gudun 78 kuwa ba mu taɓa su ba, domin layukansu sun fi faɗi, suna buƙatar allura mai kauri ta musamman, kuma duk da cewa an rubuta 78 a jikin maɓallin, kamfanin bai sako irin wannan allurar a cikin kwalin ba.

Ita ce ta gano matsalar gudu. Ta ce muryar wata mawaƙiya ta ɗan fi yadda ta san ta siranta, na ce tunaninta ne kawai, shekaru sun yi yawa. Don in kashe maganar sai na manna 'yar takarda a gefen farantin na riƙa ƙirga juyi da agogo a hannu, tunda gudun 33⅓ yana nufin juyi 100 cif a minti uku. Na ƙirga 102, na sake ƙirgawa na sami 102. Bambancin kashi biyu cikin ɗari ne, wanda yawancin mutane ba za su lura da shi ba, amma kunnen da ya tashi da waƙar ya lura, kuma babu maɓallin gyara shi a waje. Na ba ta haƙuri.

Ɓangaren kaset shi ne nawa. Ina da wasu kaset masu minti 90 da na naɗa mata daga rediyo lokacin da nake neman aurenta, da sunayen waƙoƙin a rubuce a jikin takardar, wasu ma ba daidai na rubuta su ba. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 yana da wata daraja da faifai ba shi da ita, wato mutum zai iya tsara nasa ya ba wani, kuma ga mu muna sauraron zaɓin wani saurayi da ba shi da kunya wajen jera waƙoƙin soyayya goma a jere. A wurare da dama muryar mai gabatar da shiri ta faɗo a kan ƙarshen waƙa kafin in kai ga danna maɓalli, kuma waɗannan guntayen maganganun sun fi ba mu dariya. Ramin kaset ɗin kansa abin takaici ne: a gefe ake tura shi kamar na mota, maɓalli ɗaya ne ke tura zare gaba ya kuma fitar da kaset, babu na mayarwa baya. Duk wanda yake son maimaita waƙa sai ya fitar ya juya ya tura gaba ya sake juyawa, ko kuma ya koma ga tsohuwar dabarar zura biro a rami yana murzawa. Sau ɗaya ta cinye zaren wani kaset mai minti 120, amma wannan ba zan ɗora mata laifinsa duka ba, domin zaren irin waɗannan siriri ne, tun a da ma haka suke yi.

Wurin faifan CD yana aiki lafiya, rediyon yana kama tashoshin FM idan aka miƙe wayar eriyar, ba ni da abin cewa a kansu. Bluetooth ɗin karɓa kawai yake yi, wato za ka iya turo waƙa daga waya zuwa na'urar, amma ba za ka iya tura sautin faifai zuwa wata lasifika marar waya ba, kuma wannan ba a bayyana shi a jikin kwalin ba.

Na fahimci dalilin da ya sa irin waɗannan akwatunan suka cika kasuwa, tunda a Amurka ma a 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Ga ma'auratan da ke da 'yan faya-fayai da kaset a ajiye, suke son su ji su na wasu darare a lokacin hutu, wannan na'urar za ta biya buƙata, da sharaɗin a canza allurar da ta lu'ulu'u tun farko, a jona lasifika ta waje, a kuma nisanta faya-fayan da zafin rana, a jera su a tsaye don kada su lanƙwashe. Wanda kuwa ya gaji kayan da ba za a sake samun irinsu ba, gara ya nemi na'urar faifai zalla mai ƙarfen daidaita nauyi. Mu dai mun bar wannan a falo saboda kaset da rediyo, faya-fayai takwas ɗin nan kuma sun koma cikin kwalinsu har sai na samo wadda ta dace da su, kuma mai ɗakina ta riga ta rubuta wanda za a fara sa wa.