Jirgi ya makara, aka biya ni Yuro 250

'Yan uwa na gida, ina gaishe ku daga Hamburg, a ƙasar Jamus.

Aiki ne ya taso mini a Munich. Tsakanin filayen jirgin garuruwan biyu kusan kilomita 600 ne, tafiyar awa ɗaya da kwata a sama, a jirgin ƙasa kuwa sai ka shafe wajen awa shida. Ranar tafiya jirgin ya samu matsalar inji, muka yi zaman jira. Awa biyu na cika aka raba mana takardar karɓar abinci, wadda da ƙyar ta sayi burodi da shayi, don tsadar filin jirgi a nan sai wanda ya gani. Ba mu sauka ba sai da muka makara fiye da awa uku.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce in adana tikitina, ina bin kamfanin bashi. Na ɗauka zolaya ce. Ashe dokar Tarayyar Turai ce, mai lamba 261, ta shekarar 2004, kuma da nisan tafiya ake auna diyyar. In bai wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 250. Daga 1,500 zuwa 3,500, Yuro 400. Doguwar tafiya irin ta daga nan zuwa Abuja, Yuro 600. Sai fa in abin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar guguwa ko ƙanƙara. Na cike fom a intanet, suka ɗan ja ƙafa, na sake tuntuɓa, kuɗi suka faɗo asusuna. Sun fi kuɗin tikitin da na saya! Wallahi sai da na duba wayar sau da dama, ina jiran a ce kuskure aka yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Kano zuwa Legas, tafiyar awa ɗaya da rabi, da na taɓa wuni cur ina jira tun hantsi har bayan isha'i. Ba hazo, ba komai. Ko ruwan leda ba a ba mu ba. Mu ma fa akwai dokar kare fasinja a rubuce, amma wa ke nema? Wani bawan Allah ya ɗaga murya, mu fasinjojin da kanmu muka taru muna ce masa, “Alhaji yi haƙuri, wani jinkirin alheri ne.” Ma'aikacin ma bai sha wahalar ba shi amsa ba, mun yi masa aikinsa.

Sai dai a wancan wunin na yi abokai, mun yi jam'i, wani ya buɗe ƙunshin kilishi aka zagaya da shi. A nan kowa ya kafa kai a waya, ko tari ka yi sai a waiwayo. Ga tikiti mai araha a ido, amma jaka da kuɗinta, zaɓen kujera da kuɗinsa.

Af, masu aiko mini da kilishi da dambun nama ta hannun matafiya, don Allah ku dakata. Doka ta hana shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, kwastam ƙwacewa suke yi. Yaji da kuka dai ina maraba.