Sabon jaki a jita mai arha: aikin wani Usta a Jidda

Shekara uku ke nan ina kaɗa wata jita ta lantarki da na saya hannu na biyu a nan Jidda, irin masu arhar nan da ake ƙerawa a Asiya bisa siffar Stratocaster, wadda Leo Fender ya fito da ita a Amurka a 1954. Wuyanta yana da daɗin riƙo, sautinta ma ba laifi, amma tun ranar farko ba ta riƙe saiti. Da zarar na taɓa sandar da ake dannawa don karkaɗa sauti, sai tsirkiya ta uku ta ƙi komawa inda take, kuma a salon kiɗan Agadas da muke yi da abokaina a wajen bukukuwan 'yan uwa, inda tsirkiya ɗaya kan yi ta amo a ƙarƙashin sauran, ƙaramin karkacewa ma kunne yana kama shi. Ga kuma raɓar Bahar Maliya, wadda duk mazaunin Jidda ya san abin da take yi wa ƙarfe: kafin shekara ta zagayo, tsatsa ta cinye ƙananan sukurun da ake daidaita tsayin tsirkiya da su, har biyu daga ciki suka daina juyawa.

Abin da masu molo da garaya ke kira jaki, wato wurin da tsirkiya ke hawa a jikin kayan kiɗa, a irin wannan jita faranti ne na ƙarfe mai motsi wanda 'yan jita ke kira tiremolo. Ta sama tsirkiyoyi shida suna jan sa gaba, ta bayan jita kuma sifirin uku suna jan sa baya, sai ya tsaya a tsakani kamar ma'auni. A ƙarƙashin farantin akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya ratsa jikin katakon, a cikinsa ne gindin tsirkiyoyi ke maƙalewa, a jikinsa kuma sifirin ke kamawa. A jitoci masu arha wannan dunƙule siriri ne na tutiya, a masu tsada kuwa yawanci ƙarfe ne mai nauyi ko tagulla. Shi ya sa na yi odar jaki ƙirar kamfanin Wilkinson mai sukuru shida da dunƙulen ƙarfe cikakke, na haɗa da sababbin kunnuwan ɗaure tsirkiya masu kullewa, na kai wa wani dattijo da aka yi mini kwatancen shagonsa.

Usta, kamar yadda kowa ke kiransa, Bahaushen Sudan ne, asalin iyayensa Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, kuma aikinsa na asali gyaran ud ne, wato molon Larabawa, daga baya samari masu jita suka yawaita a ƙofarsa. Shagon ɗan ƙarami ne, ƙamshin katako da na manne sun cika shi. Bai ko buɗe kwalin da na kawo ba sai da ya ɗauki jitar, ya danna sandar, ya kara kunnensa a kan wuyanta kusa da kai. Ni ma na ji wani ɗan ƙas, kamar an karya tsinke. Ya ce, "Ɗana, ka ji wannan? Rabin ciwon ba a jaki yake ba, a nan sama yake." Ya nuna mini ɗan farin robar da tsirkiyoyi ke bi ta kansa a bakin wuya, wanda ake kira nat. Ramukansa sun yi ƙunci, suna cafke tsirkiya idan ta saki, ba sa barinta ta dawo daidai. Na ce, "To Baba, kuɗin jakin ya tafi a banza ke nan?" Ya ce a'a, tsohon ya riga ya ruɓe, dole a canza shi, amma kada in ɗora wa sabon laifin da ba nasa ba idan aka bar nat yadda yake.

Wannan maganar ita ce ta sa na amince da shi, domin da ya ga dama sai ya ɗaura abin da na kawo, ya karɓi ladansa, in dawo bayan mako da kukan da na zo da shi.

Wajen ɗaura jakin ne aka sha aiki, kuma a nan ne nake so duk mai niyyar yin irin wannan ya tsaya ya auna kafin ya biya kuɗi. Tazarar ramukan sukuru ba ɗaya ba ce a duk jitoci: tsofaffin ƙirar Amurka suna da kimanin milimita 56 daga na farko zuwa na shida, yawancin na Asiya kuwa kimanin 52.5. Jakin Wilkinson ya tsallake wannan matsala da dabara mai kyau, domin rami ɗaya ne kawai zagayayye, sauran biyar an ɗan tsawaita su, don haka ya zauna a kan ramukan jitata ba tare da an huda sababbi ba. Inda aka sami cikas shi ne kaurin jiki. Stratocaster ta asali tana da kaurin kimanin milimita 45, tawa kuwa da Usta ya auna ta milimita 40 ya samu, saboda haka sabon dunƙulen ya ɗan leƙo ta baya, murfin robar da ke rufe ramin bayan jitar ya ƙi rufuwa. Bugu da ƙari, da yake ya fi tsohon kauri, yana bugun bangon ramin kafin sandar ta kai ƙasa. Usta ya ɗauki kurfi da sanfefa ya faɗaɗa ramin kaɗan-kaɗan, yana gwadawa yana sake kankarewa, sannan ya yanko siririn katako ya yi wa murfin matashi don ya ɗago. Idan ka juya jitar za ka ga aikin, amma a jiki ba a jin sa.

Saitin da ya yi ya bi ƙa'idar da kamfanin Fender kansa yake ba da shawara: sukuru biyu na gefe su sauka har su taɓa faranti ba tare da sun danne shi ba, huɗu na tsakiya a ɗan ɗaga su, bayan farantin kuma ya tashi daga katako da kimanin milimita 3. Ya sake liƙa wayar da ke kashe ƙugi da dalma a jikin ƙarfen da sifirin ke kamawa, ya canza nat zuwa na kamfanin Graph Tech mai santsi, sannan ya bi tsirkiya ɗaya bayan ɗaya yana daidaita sautinta a firet na 12, wato ƙarfe na goma sha biyu cikin waɗanda aka gitta a wuyan jita.

Wata huɗu ke nan yanzu. Saiti yana zama, kuma na kaɗa awa biyu a wani biki a unguwar Hindawiyya ban gyara ba sai sau ɗaya. Sandar ta sabon jakin turawa ake yi ta shige, akwai ɗan sukuru a gefe da ke ƙara mata tauri, don haka ta daina rawa da ƙara kamar tsohuwar mai zare. Game da sauti, ba zan yi ƙari ba: ko ba a jona amfilifaya ba ana jin amon ya ƙara tsawo, jikin jitar yana girgiza a ƙirji fiye da da, amma wanda ke zaune a bayan taro ba zai ce an canza jita ba. Tazarar tsirkiyoyi ta ƙaru zuwa milimita 54, saboda haka ta farko da ta shida sun matso bakin wuya, sai da yatsuna suka ɗauki kwanaki kafin su saba. Kunnuwan masu kullewa kuwa sun sauƙaƙa canza tsirkiya ƙwarai, sai dai a ganina su ne mafi ƙarancin tasiri a cikin abubuwa ukun, kuma wanda aljihunsa bai kai ba zai iya jinkirta su.

Kaya da ladan aiki sun kai kusan rabin kuɗin da na sayi jitar, kuma Usta ya riƙe ta kwana tara maimakon huɗun da ya ce, saboda ud ɗin mutane da ke gabana. Da na je karɓa ya ba ni tsumma da ɗan kwalbar mai, ya ce in riƙa goge jakin duk bayan kiɗa saboda gumi da raɓa, in kuma dawo masa da ita idan zafi ya shigo don ya duba lanƙwasar wuya.