Jirgin Accra zuwa Kumasi, zuwa lafiya lau, dawowa kuwa sai haƙuri

Jama'a duk wanda yake da tsohuwa a gida kuma tafiyar Kumasi ta kama, in da hali ya saka ta jirgi kawai. Mma tana fama da ciwon baya ga ɗaurin auren jikarta a unguwar Aboabo ta Kumasi, na san in muka bi bas daga Circle sai mun kwashe awa 5 ko 6, cunkoson Ofankor zuwa Nsawam kaɗai ya isa ya gajiyar da mai lafiya balle ita, kafin a ce Suhum, Nkawkaw, Konongo. Ta ƙasa wajen kilomita 250 ne, ta sama kusan 200, a tikiti kuma suka rubuta minti 40.

Kuma wallahi zuwa masu jirgin sun cika alkawari. Daga Nima zuwa filin jirgin Accra ba nisa, muka shiga Terminal 2 aka duba Ghana Card ɗinmu, ma'aikaciya ɗaya da ta ga yadda Mma ke jan ƙafa ita da kanta ta nemo keken turawa, Allah ya saka mata. Jirgi ya tashi, an raba ruwa, Mma ba ta ma gama lazimin da ta fara ba aka ce a ɗaura bel za mu sauka. Sabon ginin filin jirgin Prempeh I na Kumasi da aka buɗe a 2024 ya yi kyau ƙwarai, daga nan zuwa Aboabo kuma ɗan taƙi ne a tasi. Ranar har kiran ƙannena na yi ina cewa mun daina bas.

To dawowa ce ta ɓata min rai, har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tashi. Jirgin la'asar muka yanka, muka iso da wuri kamar yadda suka ce, aka auna kaya aka karɓa. Lokaci ya yi shiru. Magariba ta yi shiru. Na je wajen kantar ma'aikatan jirgin, yarinyar da ke wurin ta ce "Alhaji ku yi haƙuri, yana hanya", na koma bayan wani lokaci amsar ke nan, da na sake zuwa ma ba kowa a wurin. Wai hazo ne, a bakin wani fasinja na ji. To lokacin hunturu ne, kowa ya san ƙura tana hana matuƙi ganin hanyar sauka, ba wanda zai ce a tashi da rayukan mutane cikin haɗari, amma me zai hana a fito a faɗa mana? Ko saƙo ɗaya a waya da mun yi zamanmu a gida Mma ta miƙe bayanta. Maganinta na dare yana cikin jakar da suka karɓa, na roƙa a fito da ita aka ce ba zai yiwu ba. Tana ta cewa "bar su ɗana, komai nufin Allah ne", alhali ina ganin yadda take cije leɓe a kan kujerar nan.

Sai bayan isha'i sosai muka tashi. In ka haɗa zaman jira da komai, wanda ya hau bas lokacin da muka bar Aboabo ya riga mu shiga Nima, kuma kuɗin da na biya ya ninka nasa sau da yawa. Ko ruwa ba su ba mu ba a zaman nan, ko a ce mana sannu. Na rubuta musu ƙorafi ta imel, har yau ba amsa.