Sabuwar Supra ko sabuwar Nissan Z: wacce ce ta gaji iyayenta?

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to amma a harkar mota ba kullum maganar nan take tabbata ba, don kamfani yana iya ɗauko tsohon suna mai daraja ya manna a bayan sabuwar mota alhali abin da ke cikinta daban ne. Shi yasa duk wanda ya tambaye ni tsakanin sabuwar Toyota Supra da sabuwar Nissan Z wacce zai saya, nakan fara ce masa ya tsaya tukuna, sunan yake so ko motar? Kuɗin da ake magana ba na wasa ba ne, ita Z ɗin lokacin da ta fara fitowa a Amurka a 2022 ƙaramar cikinsu wajen dala 40,000 ce, kafin a zo kan jirgi da kwastan.

Mu fara da Supra tunda a kanta aka fi cacar baki. Wacce mutane ke wa kuka ita ce ta huɗu, A80, da aka ƙera daga 1993 zuwa 2002, kuma duk ƙaunar nan saboda abu ɗaya ne, injin 2JZ. Lita 3, silinda shida a jere, turbo biyu da ɗaya ke fara aiki sannan ɗayan ya shigo daga baya, ga gangar jikin injin baƙin ƙarfe ne mai kauri. A Japan an rubuta ƙarfin doki 280 saboda yarjejeniyar da kamfanonin can suka yi a tsakaninsu ta kada kowa ya tallata sama da haka, ta Amurka kuma 320, amma masu gyare-gyare suka gano cewa Toyota ta gina injin nan fiye da buƙatarsa, za ka iya ninka ƙarfinsa ba tare da ka taɓa cikinsa ba kuma ya jure. Wanda ya taɓa riƙe Lexus GS300 ko IS300 ta da ya ɗanɗani ɗan'uwan injin nan marar turbo, ya san irin taurin ran da nake nufi.

Sabuwar kuwa, A90, ta fito a 2019, kuma nan ne aka yi ta surutu. Ba a Japan aka haɗa ta ba, a garin Graz na ƙasar Ostiriya ne, a masana'antar Magna Steyr, layi ɗaya da BMW Z4. Injin na BMW ne, B58, giyar otomatik mai hawa takwas ta kamfanin ZF na Jamus ce, kai har maɓallan ciki da allon dashbod da ƙarar da take yi in ka buɗe ƙofa duk na BMW ne. Babban injiniyan aikin, Tetsuya Tada, bai ɓoye dalili ba: Supra sai da silinda shida a jere, Toyota kuma ta daina ƙera irin wannan injin, a gina sabo daga tushe don mota ɗaya da ba za ta sayu da yawa ba kuɗin ba zai fita ba. Ni dai na fahimci hujjar, amma gaskiya abin yana min ciwo, domin abin da ya sa tsohuwar ta zama abin da ta zama shi ne Toyota ce ta zauna ta yi da hannunta.

Sai dai fa a faɗi gaskiya komai ɗacinta, a kan kwalta sabuwar ta fi uwarta ta kowace fuska in dai kamar yadda suka fito daga kamfani za a gwada su. Ta fara da doki 335, daga samfurin 2021 aka kai ta 382, gajera ce, mai faɗi, tana shan kwana kamar an ɗaure ta da ƙasa, shi ma B58 ɗin yana karɓar ƙarin ƙarfi sosai, har wasu na kiransa magajin 2JZ. Giyar hannu ba ta zo da ita da farko ba, sai a samfurin 2023 bayan mutane sun yi ta ƙorafi. Abubuwan da za ka lura: kujeru biyu ne kacal, ita tsohuwar tana da ƙanana biyu a baya, rufin ya yi ƙasa sosai dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga, kuma in ka sauke gilas kana gudu iska na dukan kunne ba daɗi. An kuma yi mai lita 2 silinda huɗu, doki 255, ba laifi amma in sunan Supra ne ya jawo ka to ba ita kake nema ba.

Nissan Z labarinta akasin haka ne. Gidansu ya fi tsufa, tun 240Z ta 1969, wadda a Japan ake kira Fairlady Z, wadda Yutaka Katayama, shugaban Nissan na Amurka a lokacin, ya tsaya kai da fata sai da ta samu karɓuwa a Amurka a matsayin motar gudu da ma'aikaci zai iya saya. Sai 300ZX ta 1989 mai turbo biyu da doki 300, sai 350Z a 2002, sai 370Z da ta daɗe a kasuwa fiye da shekara goma. Sabuwar da ta fito a matsayin samfurin 2023 ba ta da lamba a sunanta, Z kawai, kuma ta Nissan ce kusan tun daga kai har ƙafa, a Japan ake haɗa ta. Fitilun gaba an ɗauko su daga 240Z, danjar baya daga 300ZX, ga agoguna ukun nan a saman dashbod kamar na kakarta. In ka san tarihin gidan, kallonta kaɗai zai sa ka ji wani abu a ƙirji, ni dai haka na ji.

Injinta V6 ne lita 3 mai turbo biyu, doki 400, wanda ke cikin Infiniti Q50 da Q60 Red Sport, kuma tun ranar farko akwai giyar hannu mai hawa shida, ko otomatik mai hawa tara. A takarda ta fi Supra ƙarfi, a gwaje-gwajen gudu kuma yawanci Supra ce ke gaba, saboda Z ta fi nauyi kuma ba ta sauke ƙarfin nata ƙasa da kyau kamar waccan. Dalilin a fili yake, ƙashin motar na 370Z ne aka ƙarfafa aka yi wa sabon bodi, shi yasa ma lambar shasinta RZ34, ta tsohuwar Z34. Sun kuma cire sitiyari mai aiki da mai suka sa na lantarki, ya fi sauƙi a hannu amma wanda ya saba da 370Z zai ji kamar an ɗan raba shi da taya. Wani abu da dillali ba zai faɗa maka ba: ƙaramar samfurin, Sport, ba ta da na'urar nan da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya don kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza, birkinta ma ƙanana ne. Doki 400 a tayar baya ba tare da wannan ba, ni ba zan ba da shawara ba, ka ƙara kuɗi ka ɗauki samfurin da ke sama da ita, Performance. Nismo ɗin, wato samfurin da sashen tsere na Nissan ya ƙara wa ƙarfi, ta kai doki 420 amma da ta fito otomatik kaɗai ce, tsadarta kuma ta wuce misali.

To tsofaffin fa? A80 mai turbo da giyar hannu mai tsafta yanzu ta zama kayan ajiya, a gwanjon Amurka tana haura dala 100,000, masu araha kuma yawanci an gama wahalar da su a hannun masu tsere. Waɗanda ake fitowa da su kai tsaye daga Japan sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyari a hagu, Nijar ma haka, kuma juya sitiyarin irin wannan mota a gareji ɓata ta ne kawai. 300ZX kyakkyawa ce amma injin ya cika gaban motar tam, ko ƙaramin gyara sai an kwance abubuwa da yawa, ga tsufan wayoyi da robobi. Wadda nake ganin ta fi dacewa da mai matsakaicin aljihu ita ce 370Z, lita 3.7 ba turbo, doki 332, sai dai ka duba kulocinta da kyau in giyar hannu ce domin ƙaramin famfon kulocin ya yi suna wajen mutuwa, kuma baƙin manta yana zafi da wuri in ana matsa mata, a zafin Kano ko Sakkwato sai ka ƙara mata na'urar sanyaya mai. Ita 350Z injinta dangin na Murano da Maxima da FX35 ne, kusan duk bakaniken da ke taɓa Nissan ya san shi, kayan gyara ma ba wuya.

Maganar bakanike ita ce ta fi komai muhimmanci ga wanda zai shigo da sabuwa. Kada ka ga tambarin Toyota ka ɗauka mai gyaran Corolla ɗinka zai iya da Supra, mai gyaran BMW za ka nema da kwamfutarsa, kuma farashin kayanta na BMW ne. Sabuwar Supra da sabuwar Z dukkansu an ƙera su ne don fetur mai inganci sosai, injin turbo ba ya yafe gurɓataccen mai, sannan cikinsu a ƙasa yake, duk tudun rage gudu na unguwa sai ka bi shi a karkace. In daga gwanjon Amurka za a kawo maka, ka karɓi lambar shasi ka binciki tarihinta kafin ka biya ko sisi, irin waɗannan motoci da yawa haɗari ne ya kai su gwanjon.

In gudu da shan kwana kake so kuma ba ruwanka da wa ya ƙera injin, ɗauki Supra mai lita 3 daga 2021 zuwa sama. Ni kam da kuɗin a hannuna Z Performance mai giyar hannu zan ɗauka, na san Supra za ta wuce ni a hanya kuma na yarda, amma in na buɗe gaban motar Nissan zan gani, jikar 240Z ta gaskiya. In kuma kuɗin bai kai nan ba, 370Z mai tsafta daga 2013 zuwa sama, a kai ta wajen bakanike ya ɗaga ta ya duba ƙasanta kafin a yi ciniki.