Wace hanya ta fi dacewa wajen fitar da duk haɗe-haɗen kalmomi daga jeri?

Kafin mai rubuta manhaja ya zaɓi kayan aikin da zai fitar masa da duk haɗe-haɗen da kalmomin wani jeri za su iya bayarwa, wajibi ne ya fara tantance irin haɗin da yake nufi, domin kowane iri da adadinsa. A ce akwai kalmomi 20, ana son ɗaukarsu uku-uku. Idan ba a damu da wadda ta zo gaba ba, haɗi 1,140 za a samu. Idan kuwa wurin da kowace kalma ta zauna yana da muhimmanci, adadin zai koma 6,840, sannan idan an yarda kalma ta maimaitu, zai kai 8,000.

Ga mai aiki da harshen rubuta manhaja na Python, ina ganin babu dalilin wuce itertools, wani kunshin kayan aiki wanda yake zuwa tare da harshen kyauta. Tun fitowar Python 2.6 a shekarar 2008 yake ɗauke da combinations da permutations da product, waɗanda suka yi daidai da nau'o'i ukun nan bi da bi. Babban alfanunsa shi ne yana miƙo sakamako ɗaya bayan ɗaya, ba ya tara su a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kalmomi 12 kacal suna da jeruwa 479,001,600, kuma wanda ya nemi ya zuba su duka cikin jeri guda zai iske kwamfutarsa ta cije. Rauninsa kuma shi ne yana bambanta kalmomi da gurbinsu, ba da abin da aka rubuta ba. Idan aka ba shi "ja", "ja" da "fari", sakamako 6 zai fitar alhali 3 ne kawai suka bambanta da juna. Mai jerin da kalmomi suke maimaituwa gara ya ɗauko distinct_permutations daga more-itertools, wani kunshin kayan aiki na daban da ake ƙara wa Python.

A harshen C++ akwai std::next_permutation, wanda ya fi sauri kuma yake tsallake maimaici da kansa. Sharaɗinsa shi ne a fara jera kalmomin bisa tsarin haruffa, in ba haka ba zai kama daga tsakiya, ya bar waɗanda suka gabata ba tare da wani gargaɗi ba.

Zaɓi na uku shi ne mutum ya rubuta nasa, abin da masu JavaScript sukan yi tun da harshen bai zo da irin wannan kayan aiki ba. Dabarar da B. R. Heap ya wallafa a 1963 tana samar da kowace sabuwar jeruwa ta hanyar musanya kalmomi biyu kawai. Sai dai inda rubuta naka ya fi amfani shi ne lokacin da akwai ƙa'idar da ta hana wasu haɗe-haɗe, misali a ce kada wasu kalmomi biyu su zauna kusa da juna. Lissafin da yake kiran kansa da kansa yana gina kowace jeruwa kalma bayan kalma, don haka zai iya datse ta tun daga tushe da zarar ya ga an karya ƙa'idar, yayin da itertools zai fitar da komai tukuna kafin a tace. Da kalmomi 13, inda jeruwar ta haura biliyan 6, wannan datsewar ce take sa aikin ya yiwu.