Dokin kasuwa, na barga ko na waje: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Da zarar Sallah ta matso, masu hawa a Kano, Katsina, Zazzau da sauran masarautu sukan shiga neman doki, kuma abin da aka fi tambaya shi ne launi da tsayi da taku, wato ko kili ne ko akawal, ko yana ɗaga ƙafa da kyau. Maganar lafiyarsa da cutar da zai iya shigowa da ita barga akan bar ta a ƙarshe, alhali a nan ne asarar ta fi yawa.

Kasuwar dabbobi, irin ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, ita ce ta fi yawan zaɓi, kuma a nan ne mai iya ciniki yake samun sauƙi. Matsalarta ita ce cakuɗuwa. Dawaki daga garuruwa daban-daban suna tsayawa hanci da hanci, suna shan ruwa a mazubi ɗaya, dillali kuma yakan buɗe bakin wannan ya nuna haƙora, ya wuce zuwa na gaba ba tare da ya wanke hannu ba. Ta haka murar dawaki take yaɗuwa, irin wadda ta ɓarke a jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar a farkon 2019 ta kashe jakuna masu ɗimbin yawa. Akwai kuma cutar da ke kumbura kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi har ta fashe da mugunya, wadda takan ɗauki kwana 3 zuwa 14 kafin ta bayyana. Abin da ya sa ta fi wuyar sha'ani shi ne doki yana iya warkewa, ya yi ƙiba da sheƙi, amma ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar na tsawon watanni yana harbin wasu.

Sayen doki daga bargar da aka sani ya fi tsada, sai dai a ganina ƙarin kuɗin na tarihin dokin ne, kuma ya cancanci a biya. Mai saye zai iya tambayar lokacin da aka ba shi maganin tsutsa, ko an yi masa allurar tetanus, da kuma ko an yi rashin doki a bargar a daminar da ta wuce. Amsar gaskiya kuwa ta fi fitowa daga bakin yaron da ke ba shi harawa da dusa kullum, ba daga maigidan da ke son sayarwa ba.

Dokin waje, kamar na Ajantina da 'yan wasan folo suke shigowa da su Kaduna da Kano, sha'aninsa daban ne, domin shi ne ke cikin haɗari idan ya iso. Haɗarin shi ne wata cuta da ake kira cutar dawaki ta Afirka, wadda ba ta bin numfashi ko mazubin ruwa. Wasu ƙwari ne masu cizo, waɗanda ba su kai sauro girma ba, suke ɗaukarta daga almuru zuwa asuba, musamman da damina, kuma tana iya kashe kashi 70 zuwa 95 cikin 100 na dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Wanda ya zaɓi irin wannan doki dole ne ya sa a lissafi kuɗin maganin rigakafi, wanda ake yi a Onderstepoort ta Afirka ta Kudu kuma yake lalacewa idan bai samu sanyi ba, tare da kuɗin barga mai ragar da ta fi ta sauro ƙananan idanu. Dokin gida ya fi jure wannan cuta, da ma zazzaɓin da kaska ke kawowa.

Ko daga ina dokin ya fito, a kira likitan dabbobi kafin a yi sallama. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa kuma 28 zuwa 44 a minti ɗaya idan yana hutawa. A shafa ƙarƙashin muƙamuƙi, a duba hanci da dasashi, sannan a bi ƙafafu da wuya da hannu, domin ƙuraje masu jeruwa kamar carbi alama ce ta wata cuta mai wuyar magani da ke bin ƙuda da kayan doki. Saboda ita ne ya kamata a yi hattara da tsohon sirdi da linzami da ragamar da akan haɗa wa mai saye a matsayin gyara. Linzamin ƙarfe yana wankuwa, amma zubukan da suka sha gumin wani doki gara a sake su.

Bayan saye, sabon doki yana buƙatar mako uku a turkensa shi kaɗai, nesa da sauran, da bokitinsa da burushinsa, a riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma, kuma a riƙa zuwa wurinsa bayan an gama da sauran dawakin. Wannan ke nufin wanda yake son ya fita Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa na ƙaramar Sallah da sabon doki, ya kamata ya gama cinikinsa tun kafin a ga watan azumi.