Wajen hoton ƙwaƙwalwa da muka kai Yaya: sun iya aiki, sai dai jira

Masu tambayata inda za a yi hoton MRI na kai a nan Kano, wajen da muka je a Nasarawa gaskiya zan iya cewa a je. Yayata ce ke fama da kansar mama, an yi mata aiki an yi kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa), kwatsam sai ciwon kai da asuba har da amai, hannun hagu kuma yana mata nauyi, wasu a gida har sun fara zancen iska da sammu, likitanta dai ya ce maza a yi hoto da allurar nan ta jijiya mai sa ƙari ya fito fili.

Sun ƙi yi mata allurar sai da suka ga gwajin ƙoda, wannan ya kwantar min da hankali wlh. Mace ce ta shiga da ita, ta cire mata ɗan kunne da fil ɗin mayafi tunda injin maganaɗisu ne, ta toshe mata kunne don ƙararsa kamar injin markaɗe, tana ta "sannu Hajiya, saura kaɗan".

Amma abin da ya fi burge ni likitan da ya karanta hoton ne, ya zaunar da ni ya yi min bayani da Hausa. Ya ce jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a manne suke ƙam, shinge ne, ba kowane abu ke wucewa ba, sai dai wasu ƙwayoyin kansar suna da sinadaran da ke sa su maƙale a bangon jijiya su ratsa, in sun shiga su nannaɗe jikin ƙananan jijiyoyi, har ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke kewaye su koma suna ba su kariya. Daga baya na duba a waya, tun 2009 masu bincike a Amurka suka gano sinadaran ƙwayoyin kansa irin su COX2 da ST6GALNAC5 na cikin masu buɗe wannan hanyar. Likitan ya ce nau'in kansar mama da ake kira HER2, irin na Yaya, da wani nau'in da gwaje-gwaje uku na tantance nau'in kansar duk ba sa nuna komai a kansa, su suka fi yaɗuwa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma Herceptin, maganin kansar da take karɓa, sinadarinsa babba ne ba ya ratsa shingen sosai, shi ya sa jiki ya lafa amma ƙari ya ɓullo a ƙwaƙwalwa. Ban taɓa samun wanda ya faɗa min haka ba.

Matsalarsu jira. Mara lafiya mai jiri a kan kujerar roba tun safe har bayan azahar bai dace ba, su gyara dan Allah. Kuɗin ma ba wasa, sakamako kuma sai washegari.

In za ku je ku riƙe takardar gwajin tsokar da aka cira da ta ƙoda, za su tambaya tun a teburin karɓar marasa lafiya.